Hanyar Katako ta Garin Gishiri

  Da kwamitin jarida ya ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu ma mu kawo namu rubutun, sai muka ce to, bana dai ba tarihin ƙungiya za mu kawo ba, wannan kowa ta haddace shi. Tarihin wata hanya za mu kawo, wadda aka yi a wata ƙasa mai nisa, kusan shekara 180 da suka wuce.

Kada wata ta ce me ya haɗa mu da hanyar Turawa. Duk wadda ta taɓa zama a bayan mota da kwandunan tumatir a watan Agusta, mota ta kafe a taɓo tun hantsi har la'asar, ana turawa ana salati, ta san abin da hanya take nufi. Ranar nan ba riba, uwar kuɗin ma sai addu'a. To mutanen da za mu ba ku labarinsu irin wannan wahalar ce ta ishe su, suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa wa hanyarsu katako. E, katako, irin wanda kafinta ke yin benci da shi. Mu ma da muka fara jin zancen a aji dariya muka yi. Da muka bi labarin har ƙarshe sai dariya ta tsaya.

Gishiri da laka

A ƙasar Amurka, cikin jihar New York, akwai wani gari mai suna Syracuse, wanda bakinmu ya fi iya kira da Sirakus. Garin yana bakin wani tafki da ake kira Onondaga, sunan mutanen da asalin ƙasar tasu ce tun kafin zuwan Turawa. A gefen tafkin nan akwai idanun ruwa masu gishiri. Ana jawo ruwan a zuba cikin manya-manyan tukwanen ƙarfe, a yi ta hura wuta har ya ƙone ya bar gishiri. Wani kuma a shanya shi a rana cikin faffaɗan akwatunan katako masu murfi, in hadari ya taso a ja murfin a rufe. Gishirin nan shi ya raya garin, har ake ce masa Birnin Gishiri. A 1825 aka gama haƙa wata doguwar hanyar ruwa mai suna Erie, ta ratsa ta tsakiyar garin, jiragen ruwa na kaya suka riƙa kwasar gishiri zuwa gabas da yamma.

To amma mai dafa gishiri ba ya rayuwa shi kaɗai. Yana bukatar itacen wuta ba dare ba rana, yana bukatar gangunan katako na zuba kaya, ma'aikatansa kuma suna bukatar abinci. Da yawa daga cikin waɗannan daga ƙauyukan arewacin garin suke fitowa: ɗan ƙauyen da a lokacin ake kira Centerville, da Cicero, da Brewerton, har zuwa Central Square. Manoman can su kawo itace da ganguna da hatsi da ciyawar dabbobi da man shanu, su koma da gishiri da kayan masarufi. Hanyar da suke bi ma sunanta Hanyar Gishiri.

Matsalar ita ce ƙasar wajen damshi gare ta, ga fadamu. Su ba damina da rani suke yi irin namu ba. Da hunturu dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, in ta tashi narkewa sai ko'ina ya zama caɓi, sannan gab da wani hunturun ruwan sama ya sake jiƙa ta. Wato sau biyu a shekara hanya ke zama kunu. Keken doki ya nutse har gindi, dawaki su yi ta fama, mai kaya ya sauke rabin kayansa a bakin hanya. Dabarar da suka sani a da ita ce su sare itatuwa su jera gungume a gicciye a wuraren da suka fi laka. Keke ba ya nutsewa kam, amma fa in kika hau sai kin ji kamar haƙoranki za su zube, doki kuma in ƙafarsa ta faɗa tsakanin gungume biyu, sai dai a yi jaje.

Daga ina dabarar ta fito

Maƙwabtansu na ƙasar Kanada sun riga su. Tun tsakiyar shekarun 1830 aka shimfiɗa hanyar katako a kusa da birnin Toronto, ana kuma cewa su ma daga Rasha dabarar ta zo musu. Bambancinta da ta gungume shi ne, wannan katako ne da aka yanka a inji, mai shafaffen baya, in an jera shi sai ya zama kamar daɓe.

Mutum biyu ne sunansu ya fi fitowa a tarihin hanyar Sirakus. Na farko George Geddes, injiniya ne ɗan yankin, mahaifinsa ma yana cikin injiniyoyin da suka yi aikin hanyar ruwan Erie. Shi ne ya tafi Toronto ya gano wa idonsa yadda ake yi, ya dawo ya ce wannan abu za mu iya. Na biyu Thomas Alvord, mai sana'ar gishiri kuma ɗan majalisar jiha, wanda daga baya har ya zama mataimakin gwamna. Shi ya tsaya a majalisa aka ba su izini. A 1844 aka kafa kamfanin da zai yi hanyar, ya kula da ita, ya kuma karɓi kuɗi a hannun masu bi.

A nan ne kunnenmu ya tashi. Ashe ba gwamnati ce ta ba da kuɗin ba. Hannun jari aka sayar. Irin waɗannan kamfanoni, yawanci mutanen yankin ne ke saye: mai kanti, mai injin yankan katako, mai masauƙin baƙi, manomi mai ɗan hali. Kowa ya sa gwargwadon ƙarfinsa. Kuma ba ribar ƙarshen shekara kaɗai suke hange ba. Mai kanti ya san in hanya ta yi kyau masu saye za su ƙaru, manomi ya san gonarsa za ta yi daraja. Ai kun ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma sun san da haka.

Yadda aka shimfiɗa ta

Aikin ba wai a watsa katako a ƙasa ba ne a tafi. Da farko sai an share hanya, an cire kututture da duwatsu, an baje ƙasa, sannan a haƙa lambatu hagu da dama don ruwa ya sami wurin gudu. Bayan haka a kawo dogayen katakai a kwantar da su a tsaye, wato suna bin tsawon hanya, layi biyu, a binne su har bayansu ya yi daidai da ƙasa. Su ne matashin da sauran za su kwanta a kai. A daddaɓe ƙasar da ke tsakaninsu sosai, don in aka bar rami a ƙarƙashi, ruwa da iska za su taru su ci katakon.

Sai a kawo katakan sama a jera su a gicciye, ɗaya na manne da ɗaya. Kowanne tsawonsa ƙafa 8, wato kusan mita biyu da rabi, kaurinsa inci 3, kamar faɗin yatsu huɗu in kin haɗe su. Itacen da suka fi amfani da shi sunansa hemlok, don shi ya cika dazukansu, ga araha. Galibi ko ƙusa ba a bugawa, nauyin katakon ne ke riƙe shi. A ƙarshe a watsa yashi sama-sama don rage cin da kofato da ƙafar keke za su yi masa.

Akwai wata 'yar hikima da ta burge mu. Ba a daidaita bakin katakan ya zama layi ɗaya santal. Da gangan ake turo wasu su ɗan fito, wasu su ɗan shige. Dalili kuwa, in keke ya sauka gefe zai dawo, ƙafarsa za ta sami inda za ta kama ta hau. Da bakin a miƙe yake, sai ta yi ta gogar gefe tana haƙa rami.

To me zai sa keke ya sauka? Saboda ɓari ɗaya kawai aka yi wa katako. Ɓangaren yamma katako, ɓangaren gabas ƙasa. Ta yamman nan ne masu nufar gari da kaya suke bi. Doka ita ce mai kaya shi ke da katako. In kin taho da keke ba komai a ciki kika haɗu da mai lodi, ke za ki kauce ki sauka ƙasa, ya wuce, ki koma. Da wannan dabara suka rage kusan rabin kuɗin katako. Wallahi ko a kasuwarmu aka bi wannan doka, ta mai kaya a ka shi ke da hanya, da faɗa ya ragu.

Ranar 18 ga Yuli, 1846 aka buɗe ta. Tsawonta mil 16 da rabi, wato kamar kilomita 26 da ɗoriya, daga bakin Sirakus zuwa Central Square. Ta ci dala 23,000. Mun yi lissafin a aji da alli: kowane mil ya tashi kusan dala 1,400. Hanyar tsakuwa a wancan zamani takan ci ninkin haka ko fiye. Ita ce aka fi sani da hanyar katako ta farko a duk Amurka.

A biya a wuce

An kafa shinge huɗu a kan hanyar, tsakanin kowanne da na gaba kamar mil 4. Kowane shinge da ɗan gidan mai karɓar kuɗi a gefensa. Kuɗinsu dala ne da sent, sent 100 ke yin dala ɗaya, kamar kwabo da naira. Saniya ɗaya sent 1, doki shi kaɗai sent 5, doki da keke sent 25.

Mutane suka biya, don sun ga amfani. Dawakin da a da suke nishi da rabin kaya, yanzu sai su ja ninkinsa suna sassarfa. Tafiyar da ke cinye yini ta koma ta 'yan sa'o'i. Abin da ya fi duka, manomi ya daina jiran ƙasa ta bushe. A da ranar da hanya ta yi kyau ita ce ranar da ya kamata yana gona, ranar da ruwa ya hana shi aiki kuma hanya ba ta biyuwa. Yanzu in ana ruwa sai ya ɗaura wa dawaki keke ya tafi kasuwa, in rana ta fito ya shiga gona. Kuma ya sami damar kai kaya ranar da farashi ya yi masa, ba ranar da kowa ya kwararo kasuwa ta faɗi ba. Mu da muka san yadda kwandon tumatir ke karyewa in motoci goma sun iso lokaci ɗaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Matan manoma masu man shanu da cuku da ƙwai su ma kayansu suka riƙa isa gari da sauran kyansu.

An ƙidaya abin hawa kimanin 161,000 da suka bi sashen da ke kusa da gari cikin shekara biyu na farko. In kin raba, ya kama wajen 220 ke nan kowace rana. Kuɗi suka shigo, masu hannun jari suka sha riba.

Kowa ya ce shi ma sai ya yi

Labari ya bazu. Geddes ya yi ta rubuce-rubuce yana yabon hanyar katako, jaridu suka ɗauka. A 1847 majalisar jihar ta yi doka wadda ta sauƙaƙa kafa irin wannan kamfani, ba sai an je an nemi izini na musamman ba. Shi ke nan, kamar an buɗe wa kaji akurki. Daga 1847 zuwa 1854, kamfanoni sama da 340 suka shimfiɗa fiye da mil 3,500 a jihar New York kaɗai. Wasu jihohin ma suka ɗauka. A jihar North Carolina an yi wata da ta tashi daga garin Fayetteville mai tsawon mil 129.

Ƙauyukan da hanyar ruwa da layin dogo suka bari a baya su suka fi zaƙewa. Suna gani garuruwan da jirgi ke tsayawa suna cika suna batsewa, nasu samarin suna guduwa can. Hanyar katako ta zame musu abin da ƙarfinsu zai iya: ga daji a bayan gida, ga injin yanka, ga majiya ƙarfi. Har suna mata kirari da layin dogon manomi.

Kun san wannan halin, don mu ma muna da shi. Wata ta fara sayar da zoɓo a bakin tasha ta samu, kafin wata ya ƙare mu goma sha biyu ne a jere da kuloli.

Ranar da katako ya nuna halinsa

Masu tallan hanyar sun gaya wa jama'a katakon zai yi shekara 8, wasu ma suka ce 12, kafin a sake shi. A kan wannan lissafi aka sayi hannun jari, a kansa aka yanka kuɗin shinge, a kansa aka yi ta raba riba. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. Shekara 4 zuwa 5 katako ya ruɓe.

Ina kuskuren yake? Sun fi sa ido a kan cin da kofato da ƙafar keke ke yi wa katako ta sama. Wannan ana ganinsa, ana iya aunawa. Amma katakon kwance yake a kan ƙasa mai damshi, ruwa ya jiƙa shi, rana ta busar, ƙanƙara ta daskare a cikinsa ta narke. Ta ƙasa yake ci, inda ido ba ya kaiwa. Ita kuwa ruɓa ba ruwanta da ko an bi hanya ko ba a bi ba. Daidai da tumatir ne: ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba, kwana uku ya yi miki sallama.

Nan ne aka rabu gida biyu. Hanyar da ke da masu bi da yawa, kafin katako ya ruɓe ta tara abin sake shi. Hanyar ƙauyen da keke ashirin ke bi a yini, ita ma a shekara biyar ɗin nan za ta ruɓe, alhali abin da ta tara bai taka kara ya karya ba. Sake shimfiɗawa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, don katakon shi ne mafi tsada a aikin tun farko, ga shi dazuka sun fara ja da baya, farashinsa ya hau. Ɗan abin da aka samu a shekarun farko kuwa an riga an rabe shi an ce riba ce, an ci an sha ruwa. Da aka koma wa masu hannun jari a ce su sake kawo kuɗi, sai kowa ya noƙe.

Ruɓaɓɓiyar hanyar katako kuma ta fi ta laka mugunta. Wani katakon ya karye, wani ya ɗaga baki, wani ruwa ya tafi da shi. Doki ya zurma ƙafa, keke ya karye. Mutane suka ce ba za su biya kuɗi a kan wannan ba, wasu suka riƙa zagaye shinge ta cikin gonaki. Kuɗin shiga ya ƙara raguwa, gyara ya ƙara gagara. Zuwa tsakiyar shekarun 1850 zazzaɓin ya sauka, ga layin dogo yana ta miƙe ƙafa, sannan a 1857 aka shiga matsin tattalin arziki a ƙasar. Kamfanoni da yawa suka watse suka bar wa hukuma hanyoyin, wasu suka kwashe katakon suka zuba tsakuwa. Araha dai ba ta ado.

Ita ta farkon fa?

Abin mamaki, uwar tasu ta daɗe. Hanyar Sirakus zuwa Central Square ta ci gaba da aiki da shingayenta har farkon ƙarni na 20, sama da shekara sittin ke nan. Ba wai katakonta ya fi na saura ba ne, shi ma ruɓewa yake yi. Abu biyu ne suka riƙe ta. Na ɗaya, an yi ta ne a inda ake bukatarta da gaske, ba don an ga wasu sun yi ba. Na biyu, kamfanin yana da ma'aikata na dindindin waɗanda ba su da wani aiki sai bin hanya suna cire katakon da ya lalace suna sa sabo. Ba a jira ta mutu gaba ɗaya. Har zamanin da keken hawa ya shigo tana nan, samari suna tsere a kanta ranar Lahadi.

Daga baya jirgin ƙasa ya ratsa yankin, motoci suka zo, aka yi mata shimfiɗa irin ta zamani. Sana'ar gishirin ma ta yi ta ja da baya har ta tsaya a 1926. Ƙauyen Centerville yanzu sunansa North Syracuse, babban titin da ya bi sawun tsohuwar hanyar kuma shi ne mai lamba 11. Mutanen garin har gobe suna alfahari da ita, kuma a garuruwa da dama na Amurka za ki tarar da titi mai kwalta sumul amma sunansa Hanyar Katako.

Abin da ya sa muka kawo shi

'Yan uwa, ba za mu ɓoye muku ba. A babban taron da ke tafe za a kawo maganar kuɗin injin niƙanmu: a rabe ribar duka, ko a ware wani kaso a asusun gyara. Mun san halin da ake ciki. Kowaccenmu tana da inda za ta kai kuɗin nan tun kafin su shigo hannu, ga kuɗin makaranta, ga magani, ga biki. Mu ma da muke wannan rubutu, da za a miƙo mana namu yau, ba za mu ce a'a da sauƙi ba.

Amma injin nan yana ci ta ciki kamar katakon can. Duk buhun da ya niƙa, dutsensa na raguwa, bel ɗinsa na saki. Kuɗin da muke gani a akwati ba duka ne riba ba, wani na injin ne, aro ya ba mu. Shawararmu ita ce kafin taro a kira bakanike ya faɗa mana gaskiyar shekara nawa kowane ƙarfe zai yi da kuɗin sabonsa. In ya ce takwas, mu rubuta huɗu. A raba kuɗin a kan watanni, a riƙa cire shi tun kafin a kira komai riba, ma'aji ta rubuta a littafi dabam, a karanta mana shi a kowane taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Inda muka yi kuskure a yafe mana, ɗalibai ne. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai mu ta baɗi lafiya. Sai mun haɗu a taro, kowa ta zo da ra'ayinta.